Jirgin Enterprise da Shekara 51 na Ƙarfin Nukiliya a Kan Teku

Gabatarwa

Wannan lacca ta ƙunshi tarihi da aikin jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna Enterprise, wanda shi ne na farko a duniya cikin jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama da aka ƙera domin ya yi tafiya da makamashin nukiliya, kuma ya yi aiki daga shekarar 1961 zuwa 2012. Jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama wani ƙaton jirgi ne da aka shimfiɗe doronsa ya zama fili, inda jiragen saman yaƙi ke tashi suna sauka a tsakiyar teku, a cikinsa kuma akwai rumfar ajiye su, da wuraren gyara, da ma'ajiyar mai da ta makamai, da mazaunin dubban mutane. Abin da laccar ke son tabbatar wa masu sauraro shi ne, makamashin nukiliya ya raba irin wannan jirgi da larura guda ɗaya, wato neman baƙin man da injinansa za su ƙona, kuma wannan sauƙi ya ba shugabannin Amurka damar kai ƙarfinsu ko'ina a duniya cikin gaggawa. Amma sauran larurorin, na kuɗi da na mutane da na siyasa, suna nan yadda suke, har ma an sami ƙarin wata sabuwa wadda ba a san nauyinta ba sai bayan da jirgin ya daina aiki.

Asalin Tunanin

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna wa manyan ƙasashe cewa zamanin jiragen ruwa masu manyan igwa ya wuce, domin harin da Japan ta kai sansanin Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen sama ne da suka taso daga kan teku suka kai shi, haka kuma a gwabzawar Midway ta watan Yunin 1942, inda Japan ta yi asarar jiragenta huɗu masu ɗaukar jiragen sama, rundunonin biyu sun yi wa juna ɓarna ne daga nisan ɗaruruwan kilomita. A wannan gwabzawa akwai wani jirgi mai suna Enterprise, wanda ya fi kowane jirgin ruwan Amurka samun lambobin yabo a yaƙin, kuma sunansa ne jirgin da ake magana a kai ya gada, ya zama na takwas da ya amsa sunan a tarihin sojojin ruwan ƙasar.

Babban raunin waɗannan jirage shi ne mai. Jirgi mai wannan girma dole ya riƙa gudu sosai yana fuskantar iska duk lokacin da jiragen sama za su tashi daga doronsa, kuma irin wannan gudu na shanye baƙin mai da yawan da sai an riƙa biyo shi da jiragen dakon mai kowane 'yan kwanaki, a jeru kafaɗa da kafaɗa, a miƙa mesa daga wannan zuwa wancan, ana tafiya a hankali a kan layi ɗaya na tsawon sa'o'i, lokacin da abokin gaba ya fi samun damar kai hari. Mutumin da ya buɗe hanyar fita daga wannan ƙangi shi ne Hyman Rickover, hafsan sojan ruwa kuma injiniya, wanda ya jagoranci ƙera Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai makamashin nukiliya, da ya fara tafiya a watan Janairun 1955, kuma a 1958 ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙuryar arewacin duniya. Rickover ya yi ƙaurin suna wajen tsanani da rashin sassauci, yakan zauna da kansa ya yi wa kowane hafsa da ke neman shiga aikin nukiliya tambayoyi, cikinsu har da Jimmy Carter wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, kuma wannan tarbiyya ta bin ƙa'ida sau da ƙafa ita ake dangantawa da yadda rundunar sojojin ruwan Amurka ta shafe shekaru ba tare da wani murhunta ya yi hatsarin da ya watsa guba ba.

Yadda Murhun Nukiliya Ke Tura Jirgi

Murhun nukiliya, wato na'urar da ake sarrafa makamashin a cikinta, aikinsa samar da zafi ne ba tare da ƙona komai ba, saboda haka ba ya buƙatar iska, ba ya kuma fitar da hayaƙi. Abin da ake zuba masa yuraniyam ne, ma'adinin nan da ake haƙo irinsa a Arlit ta jihar Agadez a Jamhuriyar Nijar, sai dai nau'in da ake buƙata, mai lamba 235, bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake haƙowa daga ƙasa ba, don haka sai an tace shi; tashoshin lantarki na farar hula kan wadatu da kashi 3 zuwa 5, alhali jiragen ruwan Amurka na amfani da wanda aka tace fiye da kashi 90, domin ƙaramin murhu ya yi shekaru bai nemi sabon zubi ba. Idan wata 'yar ƙwaya mai suna niyutiron ta daki ƙwayar zarra ta yuraniyam, sai ƙwayar ta tsage gida biyu, ta saki zafi tare da wasu niyutiron biyu ko uku, waɗanda su ma za su daki wasu ƙwayoyin, abin ya yi ta bin juna. Ana riƙe linzamin wannan aiki da sandunan wani ƙarfe mai shanye niyutiron, in an zura su cikin murhun zafi ya lafa, in an zaro su ya ƙaru.

Ruwa iri biyu ne ke ɗaukar zafin, kuma ba sa taɓa gauraya. Na farko yana zagaya cikin murhun a matse ƙwarai, matsin da ke hana shi tafasa duk da tsananin zafinsa, sai ya bi ta cikin ƙananan bututu ya ɗumama ruwa na biyu har ya zama tururi, tururin ya juya injina, injinan su juya farfela. Dalilin raba su shi ne, ruwan farko na ɗaukar haskokin nukiliya, wato wasu haskoki marasa ganuwa masu lahanta jikin ɗan'adam, don haka ake killace shi a bayan katangun ƙarfe da dalma. Daga wannan tururi kuma ake samun lantarki, da ruwan sha da ake tacewa daga ruwan gishiri, da ƙarfin harba jiragen sama. Wurin da a da ake tanada wa baƙin mai sai ya koma ma'ajiyar man jiragen sama da bama-bamai, rashin hayaƙi kuma ya rage tsatsar da ke cin jikin jirage, ya sauƙaƙa wa matuƙa ganin doron jirgi lokacin sauka.

Ƙira da Tsada

An aza harsashin jirgin ranar 4 ga Fabrairu, 1958, a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Newport News da ke jihar Virginia, aka saka shi a ruwa ranar 24 ga Satumba, 1960, sannan ya shiga aiki a hukumance ranar 25 ga Nuwamba, 1961. Tsawonsa mita 342 ne, wato ya ɗara filin ƙwallon ƙafa uku a jere, kuma har yau ba a ƙera jirgin ruwan yaƙi da ya kai shi tsawo ba. Nauyinsa da cikakken kaya ya haura tan 90,000, gudunsa ya wuce kilomita 60 a awa, yana ɗaukar mutane wajen 5,000 da jiragen sama da ke iya kai 90, ko da yake yawanci ba su cika haka ba. Da yake fasahar ba ta gama nuna ba a lokacin, injiniyoyi ba su yi kasadar ƙera manyan murahu ba, sai suka bi tsarin jiragen da suka saba da shi, suka sa murhun nukiliya ƙirar kamfanin Westinghouse a gurbin kowace tukunyar tururi, abin da ya kai adadin zuwa takwas, biyu-biyu ga kowace daga cikin farfela huɗu.

Kuɗin da aka kashe ya kai dala miliyan 451, kusan ninki biyu na kuɗin jiragen ajin Forrestal masu ƙona mai da suka gabace shi, kuma wannan tsada ta sa shirin ƙera irinsa guda shida ya tsaya a kan guda ɗaya, har ma aka sallame shi daga masana'anta ba tare da makamai masu linzami na kare kai da aka tsara masa ba. Sakataren tsaro Robert McNamara, mutumin da ya yi suna wajen auna komai da lissafi, ya yanke shawarar cewa jirgin John F. Kennedy da za a ƙera daga baya ya koma ga baƙin mai, aka yi ta ja-in-ja tsakaninsa da Rickover da magoya bayansa a majalisar dokoki. Sai a 1975 Amurka ta sami jirgi na biyu mai ɗaukar jiragen sama da makamashin nukiliya, wato Nimitz, wanda murhu biyu kacal suka ishe shi, kuma a kan tsarinsa aka ƙera jirage goma.

Tashi da Sauka a Doron Jirgi

Duk wannan ƙarfi an tara shi ne domin abin da ke faruwa a doron jirgi, inda jirgin sama mai nauyin tan 20 ko fiye zai tashi daga titin da bai kai mita 100 ba. Abin da ke sa hakan ya yiwu shi ne majajjawar tururi, wato wasu dogayen bututu biyu da ke kwance ƙarƙashin doron, masu ɗauke da ƙarfen da tururi ke ingizawa, wanda kansa ya leƙo ta wata tsaga aka maƙala shi a ƙafar gaba ta jirgin sama. Idan an jawo jirgi an ɗaure shi, sai a ɗaga wani allon ƙarfe a bayansa domin tare wutar da ke fita daga injinsa, matuƙi ya ba da wuta har ƙarshe jirgin na karkarwa a wuri ɗaya, ya sara wa hafsan majajjawa alamar ya shirya, shi kuma hafsan ya durƙusa ya taɓa doron jirgi ya nuna gaba da hannu. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku jirgin ya kai gudun kilomita 250 a awa ya bar doron. Enterprise na da irin wannan majajjawa guda huɗu. Sauka ta fi tashi wuya, domin a wutsiyar jirgin sama akwai ƙugiya wadda dole ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe huɗu da aka gitta a doron, kuma da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa matuƙi ƙara wuta yake yi maimakon ragewa, saboda in ƙugiyar ta kuskure ya sami ƙarfin sake tashi kafin ya faɗa teku. Titin sauka a karkace yake da na tashi, domin wanda ya kuskure kada ya afka wa jiragen da ke jiran tashi, kuma wannan dabara da ta majajjawar tururi duka daga sojojin ruwan Ingila aka samo su.

Da yake ƙarar injina ba ta barin a ji magana, da launin riga da alamar hannu ake aiki: masu ruwan ɗorawa ke ba jirage hanya, masu kore ke kula da majajjawa da igiyoyi, masu ja ke ɗora makamai su kashe gobara, masu shunayya ke zuba mai, masu fari ke lura da lafiya da kiyaye haɗari. Yawancin masu wannan aiki matasa ne da ba su daɗe da haura shekara 20 ba, suna yin sa dare da rana, cikin ruwan sama da iska, a tsakanin injina masu iya zuƙe mutum da tulin man da ke jiran tartsatsi.

Daga Kyuba zuwa Zagaya Duniya

Jirgin bai cika shekara guda a bakin aiki ba aka kira shi ga rikici mafi haɗari na Yaƙin Cacar Baka, lokacin da Amurka ta gano a watan Oktoban 1962 cewa Tarayyar Sobiyet na girke makamai masu linzami na nukiliya a tsibirin Kyuba, Shugaba John Kennedy ya ba da umarnin killace tsibirin ta teku, Enterprise na cikin jiragen da suka ja dagar har Nikita Khrushchev ya amince da kwashe makaman ranar 28 ga watan. Amma gwajin da ya fi fito da amfanin sabon makamashin shi ne na 1964, lokacin da Enterprise da wasu jiragen yaƙi biyu masu nukiliya, Long Beach da Bainbridge, suka bar mashigin Jibraltar ranar 31 ga Yuli, suka gangaro ta gaɓar yammacin Afirka, suka kewaye ƙuryar kudancin nahiyar, suka ratsa tekun Indiya da na Fasifik, suka zagayo ta ƙasan Amurka ta Kudu, suka isa gida ranar 3 ga Oktoba, bayan tafiyar fiye da mil 30,000 cikin kwana 65 ba tare da karɓar mai ko guzuri daga wani jirgi ba. Tafiyar talla ce ta ƙarfi ga duniya, musamman ga sababbin ƙasashe masu 'yancin kai da Amurka da Sobiyet ke zawarci, shi ya sa aka riƙa ɗauko manyan baƙi ta jirgin sama daga ƙasashe irin su Senegal da Laberiya da Kwaddibuwa ana kawo su doron jirgin domin su ga atisaye da idonsu. Bayan dawowa ne aka sake wa murahun zubi a karon farko, bayan shekara uku da tafiyar fiye da mil 200,000.

Biyetnam da Gobarar 1969

Ranar 2 ga Disamba, 1965, Enterprise ya zama jirgin ruwa mai nukiliya na farko da ya shiga yaƙi, inda jiragensa suka tashi sau 125 a rana ɗaya suka kai hare-hare a Biyetnam ta Kudu, kuma ya yi ta komawa wannan fage har zuwa farkon shekarun 1970. A nan ne iyakar sauƙin da nukiliya ta kawo ta bayyana, domin murhu bai buƙaci komai ba, amma jiragen sama na shan mai irin na kananzir, bama-bamai na ƙarewa, mutum 5,000 na cin abinci sau uku a rana, saboda haka jiragen dakon kaya ba su daina zuwa ba. Bama-baman da aka yi ta saukewa kuma sun faɗa ne a kan ƙasa mai cike da ƙauyuka, inda fararen hula masu ɗimbin yawa suka halaka a tsawon yaƙin, kuma duk wannan ruwan wuta bai hana Amurka ficewa ba tare da biyan buƙata ba. A watan Afrilun 1975 jiragen Enterprise ne, cikinsu har da sabon samfurin F-14, suka yi gadin sararin samaniya yayin da ake kwashe Amurkawa daga birnin Saigon.

Mafi munin ranar jirgin ita ce 14 ga Janairu, 1969, da safe, a kusa da tsibiran Hawaii, ana atisayen shirin komawa fagen fama. An ajiye wata 'yar motar tayar da injin jirage a gefen wani jirgin F-4, ta yadda hucin da ke fita daga salansarta ya riƙa dukan wata roka samfurin Zuni da ke rataye a fiffikensa daga ɗan taƙi kaɗan, har kan rokar ya yi zafi ya fashe. Ɓaraguzan suka huda tankunan mai, wuta ta kama, bama-baman da ke jikin jiragen da ke kusa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna huda doron ƙarfe, man da ke ci da wuta ya kwarara ta ramukan zuwa ɗakunan ƙasa. Kyaftin Kent Lee ya juya jirgin domin iska ta kore hayaƙi da harshen wuta daga sauran jirage, ma'aikata kuma suka tunkari wutar da mesa alhali makamai na fashewa a gabansu. Mutum 28 suka mutu, 314 suka jikkata, jiragen sama 15 suka ƙone, asarar ta haura dala miliyan 126, amma wutar ba ta kai ga murahun ba, kuma cikin ƙasa da wata biyu aka gyara jirgin a Pearl Harbor. Shekara ɗaya da rabi kafin nan irin wannan roka ta tayar da gobarar da ta kashe mutum 134 a jirgin Forrestal, kuma darasin da aka koya a can, na horar da kusan kowane ma'aikaci kashe gobara, na cikin abin da ya rage ɓarnar wannan karo. Abin lura shi ne, haɗarin da ya fi cin rayuka a jirgi mai murhun nukiliya takwas ya fito ne daga kuskuren ajiye mota.

Jirgi a Matsayin Saƙo

Amfanin irin wannan jirgi a siyasar duniya ya samo tushe daga dokar teku, wadda ta ba kowace ƙasa ikon ruwan da ke cikin mil 12 na teku daga gaɓarta, abin da ya wuce nan kuma kowa na da 'yancin ratsawa. Sansanin soja a kan tudu sai da yardar mai ƙasa, kuma yardar na iya janyewa, kamar yadda aka gani a 2024 lokacin da gwamnatin Nijar ta soke yarjejeniyarta da Amurka, sojojin Amurka suka kwashe kayansu daga sansanin Agadez. Haka nan a watan Afrilun 1986, da Amurka ta kai wa Libiya hari, Faransa da Sifaniya sun hana jiragen da suka taso daga Ingila ratsa samaniyarsu, sai da suka yi dogon zagaye ta Jibraltar, alhali waɗanda suka taso daga jiragen ruwa a Bahar Rum ba su nemi iznin kowa ba. A ƙarshen wannan wata ne Enterprise ya ratsa mashigin Suwez ya shiga Bahar Rum, na farko cikin irinsa da ya yi hakan.

Saƙon da jirgin ke kaiwa ba kullum yake haifar da abin da aka so ba. A watan Janairun 1968 zuwansa tashar Sasebo, wadda ke lardin Nagasaki na Japan, ya tayar da zanga-zangar ɗalibai da arangama da 'yan sanda, domin mutanen da aka jefa wa bam ɗin nukiliya fiye da shekara 22 kafin nan ba su ga dalilin yi masa maraba ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Koriya ta Arewa ta kama jirgin leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo, aka garzaya da Enterprise tekun Japan, amma sai bayan wata 11 na tattaunawa aka sako ma'aikatan. A watan Disamban 1971, ana tsakiyar yaƙin Indiya da Pakistan, Shugaba Richard Nixon ya tura shi tekun Bengal domin tsorata Indiya, sai dai sojojin Pakistan sun miƙa wuya a Dhaka ranar 16 ga watan, ƙasar Bangladesh ta kafu, jiragen Sobiyet suka biyo sawun na Amurka, Indiyawa kuma suka riƙe abin a zuci shekaru da dama, har masana tsaronsu da yawa na ambatonsa cikin dalilan da suka ƙarfafa wa ƙasar gwiwar mallakar makamin nukiliya. A nahiyar Afirka, an karkatar da jirgin zuwa gaɓar gabas a watan Fabrairun 1977 lokacin da Idi Amin ya hana Amurkawa fita daga Yuganda, Amin kuma ya janye hanin bayan 'yan kwanaki. Shekara biyu kafin nan ma'aikatansa sun kai ɗauki tsibirin Mauritius bayan wata mahaukaciyar guguwa.

A tekun Fasha, bayan nakiyar ruwa ta Iran ta illata wani jirgin yaƙin Amurka, jiragen Enterprise sun shiga harin ramuwa na ranar 18 ga Afrilu, 1988, inda aka nutsar da jirgin Iran mai suna Sahand, sannan a watan Disamban 1998 suka kai hare-haren kwana huɗu a kan Iraƙi. Ranar 11 ga Satumba, 2001, jirgin ya riga ya kama hanyar gida lokacin da labarin harin New York da Washington ya iso, sai ya juya ya koma tekun Larabawa da cikakken gudu ba tare da tunanin mai ba, kuma daga ranar 7 ga Oktoba jiragensa na cikin na farko da suka kai hari Afganistan. Wannan juyi shi ne ainihin abin da aka saya da tsadar nukiliya, ko da yake jiragen rakiya da ke kare shi daga hari ta sama da ta ƙarƙashin ruwa mai suke sha, tun da Amurka ta yi wa jiragen rakiyarta masu nukiliya ritaya a shekarun 1990 saboda tsada.

Ritaya da Bashin da Ya Rage

Kasancewarsa shi kaɗai a ajinsa ta zama masa nauyi a tsufansa, domin kayan gyaransa ba su dace da na kowane jirgi ba, wasu ma sai an ƙera su musamman, murhu takwas kuma na buƙatar ƙwararru fiye da murhu biyu. Babban gyaran da aka yi masa tare da sabon zubi ya ci daga 1990 zuwa 1994, na ƙarshe kuma, daga 2008 zuwa 2010, ya lashe fiye da dala miliyan 600 domin tafiye-tafiye biyu kacal. Bayan fita aiki sau 25 da saukar jirage fiye da sau 400,000 a doronsa, aka dakatar da shi ranar 1 ga Disamba, 2012, a sansanin Norfolk, aka shafe shekaru ana kwashe yuraniyam ɗin da ya gama aiki zuwa wata cibiya a jihar Idaho, sannan aka sallame shi daga aiki a hukumance ranar 3 ga Fabrairu, 2017.

Tsofaffin ma'aikatansa sun so a mayar da shi gidan tarihi, amma hakan bai yiwu ba, domin ba a iya ciro murahun sai an farke jikin jirgin daga sama har ƙasa. Ƙarfen da ya daɗe yana kewaye da murhu yakan ɗauki haskokin nukiliya, don haka ba a sayar da shi ga 'yan gwangwan. Al'adar rundunar ita ce ta yanke ɗakin murhun jirgin ƙarƙashin teku ɗungurungum a masana'antar Puget Sound, ta kai shi wani keɓaɓɓen fili a Hanford ta jihar Washington, sai dai ba a taɓa yin haka da jirgi mai wannan girma ba. A 2018 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya yi ƙiyasin cewa wargaza shi na iya haura dala biliyan 1, a 2023 kuma rundunar ta zaɓi miƙa aikin ga kamfani mai zaman kansa, bayan gangar jikin ta shafe fiye da shekara goma a ɗaure a bakin ruwa ana kashe kuɗin kula da ita. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ba sau ɗaya ba ne, tun da jirage goma na ajin Nimitz na biye a layi.

Kammalawa

Amurka ta yanke hukuncin cewa cinikin ya biya, domin jiragenta 11 masu ɗaukar jiragen sama duka na nukiliya ne a yau, cikinsu har da Gerald R. Ford da ya shiga aiki a 2017 a kan kuɗi wajen dala biliyan 13, wanda majajjawarsa ke aiki da maganaɗisun lantarki a maimakon tururi, kuma ana ƙera na uku a ajinsa a Newport News da sunan Enterprise, har an narka wani ɓangare na ƙarfen tsohon a cikinsa. Sauran ƙasashe ba su bi sawu ba, in ban da Faransa mai jirgi ɗaya, Charles de Gaulle, da ya fara aiki a 2001. Jiragen Ingila da Indiya da waɗanda Sin ta saka a aiki duka mai suke ƙonawa. Dalilin bambancin a fili yake, domin ƙasar da manyan tekuna biyu suka raba ta da wuraren da take son tsoma baki ita ce ke ganin ribar jirgin da ba ya tsayawa shan mai, ita ce kuma ke da aljihun biya. Ana ci gaba da muhawara a kan ko irin wannan ƙaton jirgi zai iya tsira a zamanin makamai masu linzami masu cin dogon zango da jirage marasa matuƙa. Tarihin Enterprise ya nuna cewa isa wuri da wuri ya tabbata a hannun mai nukiliya, amma a Biyetnam da tekun Japan da tekun Bengal isar ba ta sauya sakamako ba, kuma duk wanda zai auna darajar irin wannan makami sai ya haɗa lissafinsa tun daga ranar aza harsashi har zuwa ranar da za a binne ɗakin murhu na ƙarshe.